Komin Shanu a Kan Mota

A tashar Gazawa, shekarar babban fari, Isaka na ɗaure tanun ruwa a tsohuwar motarsa sai wani dattijon direba ya leƙo.

"Malam, ka cire kujeru ka kafa gado. Ina fasinja za su zauna?"

"Ba ta haya ba ce, baba. Ɗakinmu ce tun da rijiyar garinmu ta ƙafe."

"To, komin shayar da shanun nan da ka ɗora sama fa? Tayoyi zai kashe maka. Shanun suna ina?"

"Sun mutu tun bazara."

"Sauke shi mana, motar ta huta."

Isaka ya ƙara tamke igiya.

"Kowace safiya matata sai ta duba shi. Ranar da na sauke, ta san ba za mu koma gida ba."