Basir Ne, In Ji Abokina

A ɗakin jiran asibiti, wani tsoho ya dubi matar da ke zaune kusa da shi.

"Baiwar Allah, me kike ta ɓoyewa a mayafi haka?"

"Bayan gida ne a 'yar kwalba, Baba. Gwaji za a yi."

"Subhanallahi! Cikin ne ya dame ki?"

"Lafiyata ƙalau. Kansar hanji ce ta kashe maigidana bara. Likita ya ce tunda na haura hamsin, ni ma a duba ni."

"Mutum lafiyarsa lau, me za a gani?"

"Jinin da ido ba ya gani. In akwai, sai su leƙa hanjin da na'ura. Wani sa'in ɗan tsiro ne, su cire shi tun bai zama ciwo ba."

"To, in da ido ake ganin jinin fa? Wani abokina ne, wata uku ke nan. Ya ce basir ne."

"Haka maigidana ya yi ta cewa. Abokin naka ya gaya wa likita?"

"Kunya yake ji. Maganin hawan jini kawai ya zo karɓa."

"Ya zo? Yau?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ta ina ma zan fara?"

"Ka ce masa jini kake gani, Baba. Sauran shi zai tambaya."