Ranar da Jikana Ya Sake Cewa Wayyo

Assalamu alaikum. Mai girma shugabar wannan taro, likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu mata, da 'yan'uwa masu dako da kuka bar aiki kuka zo, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Na gode da kuka ba tsoho dama. Da furfurata na shiga ajin yamma na koyi karatu, sai ku yi haƙuri in bi takardar nan a hankali.

Abu na farko. Jikana, wanda kakarsa take kira Maigida, ɗan dako ne a wani babban sito. Buhu ya zame masa, bayansa ya riƙe. A bayan siton akwai lungun da 'yan dako suke shan sigari lokacin hutu, kuma ƙa'idarsu ce duk wanda ya ji ciwo shi ake fara miƙa wa wiwi. Don zumunci suka miƙa, da godiya ya karɓa.

Abu na biyu, yadda shiru ya ruɗe mu. Nishinsa ya tsaya, muka yi hamdala, muka ce ya warke, muka manta ruwa ba ya tsami banza. Ya bar sigari ya koma abin zuƙa na lantarki, ɗakinsa yana ƙamshin mangwaro alhali babu mangwaro. Da wiwi ta daina isar ciwon, ya ɗora giya a kai. Da rana tsaka sai ka same shi zaune yana yi wa bango murmushi. Kakarsa ta tsokane shi ko yau Maigida ya manta da amaryarsa, ya juyo a hankali, idanunsa a kanta, amma wallahi ba ita yake kallo ba.

Wata la'asar ƙanwarsa tana guga, ya shigo yana layi, ya dafa dutsen gugar ya tsaya. Mu muka fara jin ƙauri. Da muka fizge shi, ya dubi tafinsa ya ce, "Kaka, hannun wane ne wannan?" Jama'a, na sha zuwa makabarta, ban taɓa jin sanyi irin na ranar ba.

Abu na uku, asibitin nan. Likita ta ce ciwon bai je ko'ina ba, kulle shi aka yi a ɗaki, duk sanda ciwon ya buga ƙofa sai yaron ya ƙara sha. Suka duba bayan, suka raba shi da kayan maye sannu a hankali. Makon jiya ya sunkuya zai sa takalmi, sai muka ji, "Wayyo bayana!" Kakarsa ta yi dariya har da hawaye. Ya harare ta ya ce, "Tsohuwa, ina jin ciwo kina dariya? Na sake ki." Ga shi can a kujerar baya yana mutsu-mutsu, kuma ni duk motsin nan daɗi yake mini.

Amma lungun yana nan. Jiya na bi ta wurin, na ga 'ya'yan wasu a jere, babu mai nishi, kowa yana murmushi. Masu dako, wanda ya ji ciwo ku kawo shi nan tun yana iya cewa wayyo.

Allah Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya dawo mana da na lungu, Ya mai da kowa gida lafiya. Da bakina da na kakarsa, na gode.