Turaren da Muka Dasa Ya Shanye Fadamarmu

Malam mai karanta wasiƙu, ina gaishe ka da dukan masu sauraro a jihar Gongola. Sunana Bitrus, ina noma a Vimtim kusa da Mubi.

Muna da fadama a bakin mayo, wato kogi, inda mahaifina ya yi noman shinkafa da rake. Ko da rani, in ka tona da hannu sai ruwa ya tsattsafo. Da aka yi farin nan, muka sare itatuwan bakin ruwa muka kai Mubi muka sayar don mu sayi dawa. Har da ni, ba zan ɓoye ba. Da damina ta dawo, ambaliya ta kwaso yashi ta binne rabin fadamar.

Sai muka yi gayya don mu gyara. Aka kawo mana dashen itacen turare kyauta, wai yana saurin girma. Wata tsohuwa, Mama Saratu, ta ce, "'Ya'yana, ku mayar da abin da kuka sare, kanya da ɓaure." Muka ce, "Mama, wa zai jira kanya ta girma?"

Turaren ya girma, Malam, amma ya shanye ruwan ƙasa. Bana na haƙa rami har kafaɗata, ban ga danshi ba. Ƙannena biyu sun tafi Yola dako.

Don Allah a tambayar mana masana, in mun sare turaren, ruwan zai dawo? An sa ranar sara, kuma har yanzu na kasa wasa gatarina.