Buhun da Ba a Rubuta wa Suna Ba

A tashar motocin Jiratawa da ke Maradi, wani matashi ya rufe ordinatarsa, wato kwamfuta, da ƙarfi, har matar da ke gefensa kan benci ta zabura.

"Mai duba min aikin nan ya sake maido min da kod ɗina, rubutun manhajata!"

"Mi ya ce, ƙanena?"

"Wai na rubuta 'jeri', ban faɗi jerin mi ba. Manhaja ce mai tura wa manoman Jiratawa saƙon ranar ban ruwansu."

"To jerin mi ne? Lambobin gonaki ko na waya?"

"Haba Hajiya, duk ai lambobi ne!"

"Buhun gero da na taki ma duk buhu ne. Rubuta nau'in abin da ke ciki, na'ura ta kama kuskuren kafin ya isa gona. Shekarata tara ina duba kod."

"Ai na gaji da jiransa, tun shekaranjiya na kunna manhajar."

"Ka kunna ta ba a duba ba?"

Wani babur ya ci birki a gabansu. Wani dattijo ya sauko, laka har gwiwa.

"Wane ne Hafizu mai manhaja? Kwana biyu ba wanda ya samu saƙo, albasarmu na ƙonewa!"