Lambobin Larabci a Kan Tef

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Mma Safiya daga Kukuo.

Wata ƙungiya mai koya wa mata sana'a ta ɗauke ni ajin ɗinki. Ranar koyon awo aka miƙo mini tef, ni kuwa allo kaɗai na yi, ban san lambobin boko ba. Don kada in ɓata yadin mutane, na ce a ba wata gurbina.

Madam mai koya mana ta ce, "Mma, waɗanne lambobi kika sani?"

Na ce na Larabci.

Sai ta riƙe tef ɗin, tana faɗin lambobin boko ina rubuta na Larabci a gefen kowace lamba. Ikon Allah! Jiya rigar da na ɗinka ta zauna wa ƙanwata cif.

A gaida mini Madam. Matan allo na Kasalgu, ku taho da alƙalaminku.