Butar Alwalar Baba Tanko

Salama gare ki mai gabatarwa. Ni ne Bulus, malamin makaranta a Sabon Birni.

Shekara biyu ba na gaida maƙwabcina Baba Tanko, don awakinsa sun cinye mani wake. Na ce sai dai shi ya fara gaishe ni. Ran kasuwa babur ya kayar da ni a ƙofar gidansa, ƙafata ta yage. Tsohon nan yana shirin alwala, sai ya durƙusa da butarsa yana wanke mani ciwon, yana cewa, "Sannu ɗana, kada ka motsa."

Ni da nake koya wa yara a coci yadda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa! Don kunya na lallaɓa na shige gida.

Na san rediyonsa na kunne yanzu. Baba Tanko, ina wuni? Ka yafe mani, gobe za ni zo in durƙusa.