Kalma Ɗaya, Tsofaffi Biyu: Ranar Fitowar Littafin Malam Kwok

Mai girma shugaban wannan taro, Likita Cheung. Uba kuma malaminmu, Malam Kwok Man-tat, wanda ya koya mana tsayuwa bayan mun zaci mun iya. Dattawan ƙungiyarmu ta taici, atisayen nan na Sinawa, ta nan Vancouver. 'Yan'uwana ɗalibai, masu gwiwa da masu ciwon gwiwa. Jama'a maza da mata, barkanku da zuwa.

Ni ce Fung Suk-yin, sakatariyar ƙungiya. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni dama in yi magana, ina kuma godiya ga mijina, Lau Wing-kei, da ya yi alkawarin ba zai katse ni ba.

Abu na farko shi ne dalilin wannan littafi. Kakan Malam ne ya rubuta shi da Sinanci, ya bayyana yadda ƙarfi ke fitowa daga numfashi da natsuwa, ba daga damtse ba. To, ga Malam ya haura casa'in, ido ya tafi, jikokinmu kuwa Sinancinsu bai wuce na sayen abinci ba. Jikarsa Carmen ta taɓa ɗaukar littafin ta riƙe shi a kife. Tun ranar Malam ya ce a mayar da shi Turanci, domin yana so ya riƙe shi a hannunsa kafin ya tafi.

Abu na biyu, masu fassara. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai muka zaɓi biyu: mijina, tsohon likitan haƙori, wanda ya san Sinanci, da Gordon Pritchard, tsohon malamin makaranta, wanda ya san Turanci. Mun manta an kuma ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Da farko abin ya tafi daidai, in ban da wurin da kakan ya ce mutum ya tsaya kamar mai ƙwai a hammata. Suka fassara, “kamar” ɗin ta faɗi a hanya, aka raba wa ɗalibai su gwada. Washegari Brenda, ga ta can tana rufe fuska, ta zo filin atisaye da ɗanyen ƙwai biyu. Ba sai na faɗi yadda rigar ta ƙare ba.

Amma babbar rigimar a kan kalma ɗaya ce, wadda Malam ke yi mana tsawa da ita kullum idan kafaɗunmu sun ɗaga. Mijina ya zaɓo kalmar Turanci mai nufin “saki jiki.” Gordon ya ce wannan ta masu kwanciya a bakin teku ce, a sa mai nufin “nitse.” Mijina ya ce nitsewa ta jirgin ruwa ce. Jama'a, hunturu ya zo ya wuce, aiki na tsaye. Ƙungiya ta rabu biyu, har wurin shan shayi kowane ɓangare da teburinsa. A gida kuwa, ko barci na kira mijina ya yi, sai ya ce, “Kin gani? Saki jiki zan yi, ba nitsewa ba.” Malam kuma kullum sai ya tambaye ni ko littafi ya fito.

Ƙarshe suka yanke shawarar raba gardama da turin hannu, wato 'yar kokawarmu ta taici, wanda aka kayar kalmarsa ta faɗi. Muka taru a fili, ana yayyafi, aka turo Malam a kekensa. Tsofaffin nan suka haɗa hannu, suka cije, suka kumbura, ba mai motsi sai nishi. Malam ya sa aka matsar da shi, ya laluba kafaɗar kowannensu, ya ji sun sandare, ya ce, “Wane ne ya kawo busasshen kifi filina?”

Bai rufe baki ba sai gadon bayan mijina ya riƙe, gwiwar Gordon ta amsa. Mota ɗaya ta kwashe su zuwa wurin mai tausa, aka shimfiɗe su gado kusa da gado. A nan, da ba wanda ke iya tashi ya yi fushi ya fita, suka yarda a sa kalmomin biyu a jere. Ku duba littafin, suna nan.

Abu na uku, kuma na ƙarshe. Da littafi ya fito, muka kai wa Malam. Ya jinjina nauyinsa ya ce, “Kakana ɗan siriri ya rubuta. Ashe Turanci ya fi mu surutu.” Sai ya miƙa wa Carmen ya ce ta karanta masa. Ta fara karantawa, tana mayar masa da ɗan Sinancinta, yana gyara ta. Can sai ta ajiye littafin, ta miƙe ta gwada tsayuwar da ta karanta. Malam ya kai hannu ya taɓa kafaɗarta, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ce, “Wannan ta fi ku duka.”

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Allah ya ba jikokinmu haƙurin karantawa da haƙurin tsayuwa. Allah ya warkar da bayan mijina da gwiwar Gordon, ya kuma tsare mu daga fassara ta biyu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.